Taken Ƙasa a Bakin Yaron da Bai San Ma'anarsa Ba

Cikin ƙasa da shekara guda, ƙasashe biyun da suka fi yawan masu jin Hausa a duniya suka sauya takensu. A ranar 22 ga Yuni 2023 Majalisar Dokokin Nijar ta amince da sabon take, ta ajiye wanda ake rerawa tun 1961, wanda wani Bafaranshe mai suna Maurice Albert Thiriet ya rubuta baitocinsa. Tun a 2019, zamanin Shugaba Mahamadu Isufu, aka tayar da maganar, bisa hujjar cewa akwai wuraren da tsohon taken yake ƙamshin godiya ga wanda ya mulke mu. A ranar 29 ga Mayu 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta jingine taken da ƴan Nijeriya suka tsara wa kansu a 1978, ta dawo da na 1960, wanda wata Baturiyar Ingila, Lillian Jean Williams, ta rubuta. Mu mun guje wa alƙalamin Bature, maƙwabtanmu sun koma gare shi, kuma kowane ɓangare da sunan kishin ƙasa ya yi.

An sha muhawara a kan wanda ya fi gaskiya tsakanin ƙasashen biyu, ni kuwa wani abu dabam ne ya tsaya mini a rai. Da aka gama tafi a zauren majalisa, nauyin dokar a kan malamin firamare ya sauka. Shi ne zai fito da yara farfajiya da sassafe, ya jera su a gaban sandar tuta, ya cusa musu sababbin baitoci. Baitocin nan kuwa, na Yamai da Faransanci suke, na Abuja da Ingilishi. Yaro ɗan shekara bakwai a ƙauyen Matamai da takwaransa na ƙauyen Daura, waɗanda wataƙila kakanninsu kasuwa ɗaya suke ci, kowannensu zai tsaya ya yi wa ƙasarsa alkawarin ƙauna da harshen da ko ruwan sha ba zai iya roƙa da shi ba.

Tunda ɗaliban Hausa nake yi wa magana, bari mu fara da kalmomin da muke amfani da su, domin sun riga majalisun nan biyu sanin inda gizo yake saƙa.

Waɗanda suka fara kiran waƙar ƙasa da sunan "take" sun yi zaɓe mai kyau. A Hausa, take kiɗa ne ko busa da aka keɓe wa mutum guda ko jama'a guda. Sarki yana da nasa a bakin kakaki da algaita, ɗan dambe yana da nasa a kalangu, manomi yana da nasa a gangar noma. Ganga ba ta furta kalma, amma tana kwaikwayon hawa da saukar muryar Bahaushe, saboda haka mai take yana jin maganar da ke cikin kiɗan sarai, ya san da shi ake, ya san abin da ake tuna masa na ubansa da kakansa. Wannan sanin ne yake sa shi tsima. Baƙon da ke tsaye kusa da shi ƙara kawai yake ji. To, idan muka ce waƙar nan taken ƙasa ce, mun ɗauki alkawarin cewa ɗan ƙasa zai ji ta kamar yadda ɗan dambe yake jin kalangunsa. A yawancin makarantunmu kuwa yaron a matsayin baƙon nan yake tsaye.

Ita ma tuta ba Bature ya kawo mana ita ba. Daga 1804 zuwa gaba Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya miƙa tutoci ga mutane irin su Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubun Bauci da Umarun Dallaji, kuma duk wanda ya karɓa ya san ya karɓi izini da amana a lokaci guda. Sai dai mu na wannan gefen iyaka muna da wani abin tunawa. Sarakunan Katsina da masu tuta suka kora su ne suka tare a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri, suka yi shekaru suna fafatawa. Ƙyalle ɗaya ne, amma abin da yake faɗa wa mutumin Sakkwato dabam, abin da yake faɗa wa Bagobirin Tsibiri dabam. Tuta ba ta zuwa da ma'anarta a ɗinke. Labarin da aka ba mutum a kanta, da abin da ya gani a ƙarƙashinta, su ne ma'anar.

Kalma ta uku ita ce "kishi", wadda take da tushe ɗaya da "kishiya". Kishi zafin zuciya ne a kan abin da mutum yake ganin nasa ne, har yana tsoron kada wani ya raba shi da shi ko ya wulaƙanta masa shi. Mallaka ce take gaba, kishi yana biye. Wanda bai taɓa jin abu nasa ne ba, babu alƙalin da zai yanke masa hukuncin ya yi kishinsa.

Na yi lakwal a ƙarshen shekarun 1980, a wani ƙauye na jihar Damagaram. Da safe mukan jeru, yara biyu su ɗaga tuta, mu rera tsohon taken da iyakar ƙarfin maƙogwaronmu. Na haddace shi tsaf tun ina aji biyu, amma sai da na shiga sakandare na gane cewa wani wuri da nake rerawa kamar kalma ɗaya doguwa ashe kalmomi uku ne. Muna gama rerawa sai mu shiga aji, inda wani abin wuya yake jiranmu, ƙashi ne da aka huda aka zura wa igiya. Duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a rataya masa, shi kuma ya yi ta kasa kunne ko zai kama wani ya sauke a kansa, wanda dare ya riske shi da abin kuwa ya san bulalar mushe tana jiransa. Sunan abin nan simbol. Da na girma na karanci Faransanci sosai sai na lura cewa kalmar da ake kiran tuta da take da ita, a matsayinsu na alamomin ƙasa, ita ce dai kalmar da ake kiran ƙashin nan. Ban zargi malamanmu ba, yadda aka koya musu suka koyar, kuma da yawansu sun yi mana aikin da ba mu iya biyansu. Amma darasin da muka ɗauka a fili yake: ƙasar da muke yi wa waƙa a farfajiya ita ce take hukunta harshen iyayenmu a cikin aji.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na cikin masu cewa tuta da take wasan yara ne, ko kuma gwamnati ba ta da hurumin sa su a makaranta. Ƙasa irin tamu, wadda Turawa suka shata iyakokinta a kan takarda, tana bukatar wani abu da zai sa yaron Bilma da yaron Gaya su ji cewa gida ɗaya suke, alhali ba harshe ɗaya suke yi ba, ba abinci ɗaya suke ci ba, kuma mai yiwuwa ne har su mutu ba su taka garin juna ba. A sassan Tilaberi da Difa, inda masu ɗauke da bindiga suka sa aka rufe makarantu, tutar da ke kaɗawa a farfajiyar makarantar da ta rage a buɗe magana ce babba, malamin da ya ɗaga ta kuma ya san abin da ya sa a gaba. Ƙasashen da suka girme mu ma suna yi. Faransa ta wajabta koyar da takenta a firamare da dokar 2005, sannan dokar ilimi ta Yulin 2019, zamanin minista Jean-Michel Blanquer, ta ce a kowane aji a manna hoton tutar ƙasar da ta Tarayyar Turai da kirarin jamhuriya da baitocin take. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kowa ya sani. Bambancin kawai shi ne yaron Faransa da harshen da yake wasa da shi a titi yake karanta abin da aka manna masa a bango.

Inda nake jan daga shi ne lokacin da doka ta tashi daga cewa "a koyar" ta koma cewa "a hukunta". A watan Agusta 2024, watanni kaɗan bayan sauya take, aka ji labarin wani ƙudurin doka a Majalisar Wakilan Nijeriya mai ɗauke da sunan kakakinta, Tajuddin Abbas, wanda a cikin tanade-tanadensa har da tarar naira miliyan 5 ko ɗaurin shekara 10 ga wanda ya ƙi rera take. Jama'a suka yi ca, aka janye ƙudurin. An yi dace da aka janye, amma tunanin da ya haife shi yana nan da ransa a ƙasashenmu duka, kuma a makaranta ya fi samun wurin zama, domin a can ba a bukatar kotu; shugaban makaranta da bulalarsa sun wadatar.

Wasu ƙasashe sun riga mu bin wannan hanya har ƙarshenta, yana da kyau mu san abin da suka tarar. A Amurka, a 1940, Kotun Ƙoli ta goyi bayan wata hukumar makarantu da ta kori yara biyu ƴan gidan Gobitis, mabiya ɗariƙar Shaidun Jehobah, saboda sun ƙi gaida tuta bisa dalilin addini. Alƙalai takwas suka yarda da korar, ɗaya ya ƙi. Abin da ya biyo baya bai yi kyau ba: aka yi ta korar yaran ɗariƙar daga makarantu, ƴan iska suka samu hujjar dukan iyayensu a tituna. Shekara uku kacal bayan haka, a ranar 14 ga Yuni 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ƙasar ta fi bukatar haɗin kan jama'arta, kotun ta warware hukuncinta a shari'ar Barnette, shida bisa uku. Alƙali Robert Jackson, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa hujja da cewa babu wani jami'in gwamnati, babba ko ƙarami, da ke da ikon ƙayyade wa ɗan ƙasa abin da zai gaskata a siyasa ko addini ko son ƙasa, balle ya tilasta masa furta shi. A Indiya ma, a 1986, Kotun Ƙoli ta mayar da wasu yara uku ƴan gida ɗaya makarantarsu a jihar Kerala. Yaran sukan miƙe tsaye cikin ladabi idan ana rera take, amma ba sa buɗe baki. Kotu ta ce tsayuwar nan girmamawa ce, kuma ta wadatar.

Na kawo waɗannan shari'o'i ne saboda matsalar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna da iyayen yara a ƙasar Hausa ya san akwai masu ɗari-ɗari da tsayawa wa tuta, kuma akwai masu wa'azin da suka daɗe suna cewa yin haka shirka ne. Masu tayar da ƙayar baya a yankin Tafkin Chadi sun yi amfani da wannan magana wajen ƙyamatar da mutane makarantar boko. Ka duba yadda duhun harshe yake yi musu aiki. Uba yana jin ɗansa yana maimaita wasu kalmomi kowace safiya, hannu a ƙirji, fuska ga ƙyalle. Bai san abin da ake faɗa ba, yaron ma bai sani ba. Mutum na farko da ya zo ya fassara masa, ko da fassarar ƙarya ce, shi zai gaskata. Idan kuma makaranta ta kori yaron saboda ya yi shiru, ta ɗauke shi ta miƙa wa mai fassarar ƙaryar da hannunta. Da a ce da Hausa ake faɗar abin, uban da kansa zai ji cewa babu sujada a ciki, magana ce ta riƙon amana da zaman lafiya da aiki, sai gardamar ta ragu tun kafin ta kai ga hukuma.

Saboda haka, idan za a yi wa makarantu doka a kan alamomin ƙasa, a ganina babban sashenta ya kamata ya zama na harshe da ma'ana. Ba sabon abu ba ne a Afirka. Taken Tanzaniya da Suwahili yake. Na Kenya ma da Suwahili aka tsara shi, karinsa kuma daga waƙar renon jarirai ta mutanen Pokomo aka ɗauko. Afirka ta Kudu, a 1997, ta ɗinka take ɗaya da harsuna biyar, domin kowa ya tsinci nasa a ciki, ya kuma ɗanɗani na maƙwabcinsa. Mu ma a Nijar ba daga sifiri za mu fara ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, dokar 2001 ta lissafa su guda goma. A watan Maris 2025 kuma kundin sabunta ginin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Takardu dai ba mu rasa su ba. Abin da ya rage shi ne su iso farfajiya da ƙarfe takwas na safe.

A nan sai na ja kunnenmu, mu masu harshen. Na ga murnar da ɗalibaina suka yi da ayyanawar 2025, ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Amma idan gobe aka fassara take zuwa Hausa kaɗai, aka ce yaron Zabarmawa a Walam da yaron Buzaye a Ifarwan da yaron Barebari a Gigimi da ɗan Fulani a ruga dole su rera shi haka, da bulala a bayansu, to mun ɗauki ƙashin nan na simbol mun rataya wa wasu. Gaskiya ne Hausa ta fi kowane harshe yaɗuwa a ƙasar, kuma kasuwa ce ta yaɗa ta, da auratayya, da rediyo, babu wanda ya riƙe wa mutane sanda. Ranar da ta zama harshen dole, ranar za ta fara tara maƙiyan da ba ta da su a da. Abin da nake so a gani shi ne fassara amintacciya a kowane harshen ƙasa, yaro ya fara sanin taken da harshen gidansu, a tattauna ma'anarsa a darasin tarbiyyar ɗan ƙasa, sannan ya koyi siffar da za a rera tare idan an haɗu daga jihohi dabam-dabam. Kokowar gargajiya ta nuna mana cewa hakan mai yiwuwa ne. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, kusan duk shekara ƙasar nan takan tattara hankalinta wuri ɗaya, ana kirari da harsuna iri-iri, kuma ban taɓa jin an ci tarar wani don bai saurara ba.

Akwai kuma abin da fassara ba za ta iya gyarawa ba, tilas in faɗe shi ko da yana da ɗaci. A watan Afrilu 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a wata unguwa ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, aƙalla yara 25 suka tafi. Allah ya jiƙansu. Yaro yana karanta ƙasarsa a rufin ajinsa kafin ya karanta ta a tuta. Yana karanta ta a bencin da babu, da allon da ya fashe, da malamin da ya yi wata biyu bai zo ba saboda haƙƙinsa bai fito ba. Dokar da za ta wajabta wa yaro tsayawa wa tuta, amma ta yi shiru a kan ko akwai bango a bayan sandar tutar, doka ce mai arha, kuma arharta ce take sa ƴan majalisa a ko'ina suke son irinta: ba ta cin kasafin kuɗi, ga ta da farin jini a rediyo. Ni da za a bi shawarata, sashe ɗaya zai ɗauki wajibcin biyu, ta yadda ba za a iya tuhumar malami a kan na farko ba sai an tuhumi ma'aikatar ilimi a kan na biyu.

Sauran aikin kuwa naku ne, ɗaliban Hausa, domin idan ranar fassara ta zo ku za a nema, kuma aikin ya fi yadda ake zato wuya. Ku ɗauki kalmar Faransanci da ke cikin sunan sabon takenmu, wadda aka saba fassarawa da "ƙasa". A Faransanci daga kalmar uba ta samo asali. A Hausa kuwa "ƙasa" turɓaya ce da ake nomawa, ita ce inda ake binne cibiya da gawa, ita ce kuma kishiyar sama. Idan muka so kusantar da ita ga zuciya sai mu ce "ƙasar haihuwa" ko "mahaifa", wato mu karkata ga uwa. Wacce za a zaɓa? Kalmar da take nufin daraja fa, "mutunci" za a ce, ko "martaba", ko "girma", alhali kowacce da inda take sauka a kunnen Bahaushe? Bayan wannan ga matsalar kari. An tsara kiɗan taken bisa gaɓoɓin Faransanci, waɗanda ba su damu da tsawo ko gajarta ba, Hausa kuwa idan ka ja gaɓar da ya kamata ka taƙaita, ko ka ɗaga muryar da ya kamata ka sauke, sai "fari" na launi ya koma "fari" na rashin ruwan sama. Launin tsakiyar tutarmu kuwa fari ne, a ƙasar da ta san fari.

Na ba ɗaliban ajina na shekara ta uku wannan aiki a zangon da ya wuce: kowa ya fassara baiti na farko, sannan ya je ya karanta wa wani dattijo ko dattijuwa da ba su yi lakwal ba, ya rubuto abin da suka ce sun fahimta. Wata ɗaliba ta dawo ta ce kakarta ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ta ko wannan ce waƙar da jikokinta suke yi kullum da safe, da aka ce mata ita ce, sai ta ce a sake karanta mata. Masu bin wannan shafi da suke son gwadawa, su fara da baitin farko kaɗai, su rubuta fassara biyu, ɗaya ta ma'ana zalla, ɗaya wadda za ta hau karin waƙar, su kuma nuna duk wurin da suka sadaukar da ɗaya saboda ɗayar.